Ranar da Kati Ya Daina Cin Kuɗin Alhaji Sabo

Alhaji Sabo ya yi shekara da shekaru yana zuwa Dubai saro shadda da leshi, tun yana da shago ɗaya a Kantin Kwari har ƙarfi ya fara ja baya ya miƙa wa 'ya'yansa maza harkar. A majalisarsu ta unguwa, in hira ta biyo ta kan Dubai, shi ake juyowa a kalla. Matarsa Hajiya Barira kuwa ba ta taɓa taka ƙasar ba sai bana, kuma ba yawo ne ya kawo ta ba. Yanar ido ce ta rufe mata gani a hankali a hankali, har ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana. Autarsu Khairunnisa, wadda take aiki a ɗakin magani na wani asibiti a Deira, ita ta kafe sai an kawo ta an yi aikin a kusa da ita.

Suka sauka a ɗan gidan bene da Khairunnisa da mijinta Muhsin suke haya a Hor Al Anz. Aiki ya yi kyau. Ranar da aka cire bandejin ido na biyu, Hajiya Barira ta daɗe tana kallon 'yarta, sannan ta ce, "Ke Khairi, ashe kin rame haka ba wanda ya gaya mini?" Aka yi ta dariya, Khairunnisa tana dariya tana share hawaye. Likita ya ce tana iya fita, amma ta riƙa sa baƙin tabarau in rana ta yi zafi.

Daga nan son fita ya kama ta. Matar da ta yi shekaru tana laluben bango, yanzu komai so take ta gani. Sai dai Khairunnisa asibiti take wuni, Muhsin kuma tun da sassafe yake tafiya Jebel Ali, inda yake aikin fitar da kwantenoni a tashar jiragen ruwa. Ba kowa a gida sai Alhaji, shi kuwa Alhaji ba ya shiri da tasi. Ya ce mitar nan da take gudu a gaban direba tana sa masa hawan jini. Khairunnisa ta sayo musu katin Nol guda biyu, wanda ake shiga jirgin metro da bas da shi, ta zuba musu kuɗi a ciki. Ya karɓa ya sa albarka, ya jefa su a aljihun gaba ya bar su nan. Masallaci yake zuwa da ƙafa, ya dawo da ƙafa. A ganinsa yarinyar nan ta kashe abin da ta kashe a asibiti, bai kamata kuma ya riƙa yawo da guminta ba.

Wata rana bayan magariba suna cin tuwon shinkafa, Hajiya Barira ta ce, "Ni dai na ga Dubai. Na ga tagar falo, na ga na'urar sanyaya ɗakin maƙwabta, na ga igiyar shanyarsu."

Khairunnisa ta dubi mahaifinta. "Baba, ina katunan da na ba ka?"

"Suna nan lafiya ƙalau."

"Ai ba don ajiya na saya ba."

"Ke yarinya, abin nan duk dangwalawa ɗaya sai ya ciji kuɗi. Mu biyu, shiga nan, fita can, kafin yamma ya cinye albashinki."

"Ba zai iya ba, Baba. Yana da iyaka a yini."

Alhaji ya tsaya da loma a hannu. "Iyaka kamar yaya?"

Ta yi masa bayani. Kowace tafiya akwai abin da kati yake cira, gwargwadon nisanta. Amma in abin da ya cira a yini ɗaya ya kai wani adadi, shi ke nan, ya tsaya. Duk hawan da mutum zai yi bayan nan, ba a ƙara taɓa masa komai sai washegari.

"Ko zan je ƙarshen gari in dawo?"

"In dai jirgin ne ko bas ɗin cikin gari. Tasi ba ya ciki. Kuma kowane kati da nasa, naka daban, na Mama daban. Abin da kawai za ka kiyaye, ka dangwala in za ka shiga, ka dangwala in za ka fita."

Alhaji ya ajiye lomar. Ya ɗaga kai yana kallon silin, irin kallon da yake yi a shago in aka kawo masa kaya da farashin da bai yarda da arharsa ba. "To su ina ribarsu?"

Muhsin ya ce, "Baba, ai yawancin mutane aiki suke zuwa su dawo, ba sa kaiwa can. Ba su yi tsarin da ɗan Kwari a zuciya ba."

Alhaji ya yi dariya har da tari. Ya juya ga matarsa. "Hajiya, gobe ki shirya da wuri."

Washegari kuwa tun kafin ta gama shan kunu ya sa farar shaddarsa da hula, yana tsaye a bakin ƙofa yana cewa yalla, yalla, wato a yi sauri da Larabcinsa na kasuwa. Ta ɗauki tabarau da mayafi. Wayarta ta bar ta a kan gado, don ba ta da layin ƙasar.

Suka fara da bas, suka sauka suka hau jirgi. A kowace ƙofa sai Alhaji ya dangwala kati ya sunkuya ya leƙa ɗan gilashin na'urar ya ga abin da aka cira, ya gyaɗa kai, mutanen da ke bayansa suna jira. Ya kai ta kasuwar Naif, ya nuna mata shagon da ya fi saye a ciki. Mai shagon, wani dattijo ɗan Indiya, ya taso ya rungume shi yana cewa, "Alhaji, sannu da zuwa, yaya Kano?" da Hausarsa ta kasuwa, ya sa aka kawo musu shayi. Hajiya Barira ta bi bandir-bandir na leshi da yatsa tana kiran sunan launi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai bitar karatu. Ya nuna mata otal ɗin da yake sauka, ya nuna mata ofishin kago inda ake auna kaya a tura Kano, da gidan abincin da yake cin shinkafa da rago.

Ta ce, "To sai ina kuma?"

Ya gyara hula. "Sai... ai akwai wurare da yawa."

"Kamar ina?"

Ya sake gyara hular. Ta zare tabarau ta dube shi.

"Alhaji, dogon ginin nan da kake ba su Malam Zailani labari a majalisa, ka taɓa zuwa?"

"Na hango shi. Daga mota. Hanyar filin jirgi."

"Teku fa?"

"Ai mutum kasuwa ta kawo shi, Hajiya."

Ta tuntsire da dariya a tsakiyar layi har ta dafa bango. "Ashe Dubai ɗin taka 'yan layukan nan ne! Mu muna can muna cewa Alhaji ya san duniya."

"To ai ga shi yau za mu san ta tare," in ji shi, shi ma yana murmushi.

Suka yi ta hawa da sauka. Suka leƙa kasuwar zinari, suka tsaya a bakin ruwa suna kallon ƙananan jiragen katako suna tsallakar da mutane. Suka yi azahar a wani masallaci, suka ci abinci, suka sake hawa. A tashar BurJuman, inda layukan jirgin biyu suke haɗuwa, suka fita don Hajiya ta sayi ruwa. Alhaji ya dangwala, ya sunkuya kamar yadda ya saba. Sai ya ƙara sunkuyawa. Kuɗin da ke cikin katin yana nan yadda yake a tashar baya.

"Hajiya! Kawo naki."

Nata ma haka. Ya miƙe yana washe baki, ya ɗaga katin sama kamar wanda ya ci gasa. "Khalas, shi ke nan! Ya ƙoshi. Daga yanzu gari namu ne. Faɗi inda kike so."

"Dogon ginin."

Da suka koma ciki, dandamalin ya cika maƙil. Hajiya Barira ta gaji da tsayuwa a tsakiyar maza, ta ga alamar ɓangaren mata a ƙasa, ta ce ita can za ta shiga ko ta samu kujera. Alhaji ya ce to, shi zai shiga ta ƙofar da ke kusa ya tsaya a bakin iyakar, in sun iso zai ɗaga mata hannu. Jirgi ya zo, mutane suka yi ciki. Alhaji yana riƙe da katinsa a hannu tun ɗazu, bai mayar aljihu ba don murna. Wani mai jakar goyo ya goge shi, katin ya faɗi ya zame baya. Ya sunkuya ya bi shi tsakanin ƙafafu. Yana ɗagowa ya ji ƙarar ƙofa. Ta gilashi ya hango mayafinta ruwan toka, ta samu kujera, ta juya baya tana gyara zama. Jirgin ya ja.

Ya ɗaga hannu ya kira sunanta, ainihin sunanta, wanda ya daɗe bai kira a gaban mutane ba. Ba wanda ya juyo sai wani yaro Bafilipine da ya dube shi da tausayi ya ce wani jirgin yana zuwa yanzu.

Ya hau na gaba ya sauka a tasha ta farko, yana cewa a ransa ai za ta waiga ta ga ba ya nan ta sauka. Ba ta nan. Ya bi dandamalin daga wannan kai zuwa wancan. Ya sauka ƙasa ya fita ta ƙofa ya duba bakin titi, ya dawo ya shiga. Ya sake hawa, ya sake sauka a ta gaba, ya sake fita. Yana dangwala kati yana wucewa, ko kallon gilashin na'urar ba ya yi. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga duk da sanyin tashar. Abin da yake ta dawo masa a rai shi ne ba ta da waya, ba ta jin Larabci ba ta jin Turanci, kuma ido sabon aiki ne. Ya tuna yadda a gida yake riƙe mata hannu daga ɗaki zuwa tsakar gida, yana gaya mata ga dakali, ga buta.

Ya tari wani ma'aikacin tasha, ya haɗa Larabcin kasuwa da Turancin kasuwa da nuni da hannu. Ma'aikacin ya saurare shi da haƙuri, ya tambayi sunanta da launin kayanta, ya yi magana a rediyon hannunsa, ya ce ya zauna shwaiya, wato ɗan lokaci kaɗan, za a duba. Alhaji bai iya zama ba. Ya ciro waya ya nemo lambar Khairunnisa, ya kalle ta, ya kasa dannawa. Me zai ce mata? Na fita da uwarki na yar da ita?

Ita kuwa Hajiya Barira ba ta san abin da ake ciki ba. Jirgin yana fitowa daga ƙarƙashin ƙasa ya hau gada, gari ya buɗe a gabanta. Gine-gine na gilashi suna wucewa, rana tana wasa a jikinsu, motoci a ƙasa layi-layi kamar an jera ƙwayar wake. Ta ga wani gini mai rami a tsakiya da rubutun Larabci a jikinsa. Ta ga dogon ginin da kansa, siriri, ya huda sama. Ta waiga ta ga ko Alhaji zai ɗaga hannu, amma mutane sun cika tsakani, ta ce a ranta wataƙila akwai tashar da ta fi kusa, shi ya sani. Ta mayar da ido taga. Sai da tafiya ta miƙa, gine-ginen suka fara raguwa, jirgin ya yi sako-sako, sannan ta miƙe ta leƙa ɓangaren maza. Ba farar shadda, ba hula.

"Innalillahi. Alhaji!"

Wata mata da ke zaune a gefenta, mai rigar aiki shuɗiya a ƙarƙashin hijabi, ta ɗago da sauri. "Hajiya, lahiya? Mi ya hwaru?"

Jin Hausa a wannan wuri ya sa ta juyo ta gaya mata ba ta ga mijinta ba. Matar ta ce sunanta Maimunat, 'yar Maraɗi ce, tana aikin girki a wani gidan abinci. Ta kama hannunta suka sauka tare a tashar Ibn Battuta, ta zaunar da ita a benci.

"Kin san lambarshi?"

Ta ƙasar nan ba ta sani ba. Amma ta Najeriya tana kanta tun zamanin da yake tafiye-tafiye. Ta karanto ta ba gargada. Maimunat ta ce voilà, wato shi ke nan da Faransanci, ta buɗe WhatsApp ta danna, ta kara mata wayar a baki.

Alhaji yana tsaye kusa da ma'aikacin nan wayarsa ta yi ƙara. Baƙuwar lamba, saƙon murya. Ya danna.

"Alhaji, ni ce. Kada ka tayar da hankalinka, ka ji? Ina nan lafiya, Allah ya haɗa ni da 'yar'uwa. Wai sunan wurin Ibn Battuta. Ka taho a hankali, kada ka yi gudu a matakala, ka san gwiwarka."

Ya saurara, ya sake saurara. Ya kama hannun ma'aikacin da hannu biyu yana ta godiya da Hausa, shi kuma yana dariya yana nuna masa ɓangaren da zai hau.

Tafiyar ta yi masa tsawo. Duk abin da ta gani ta taga shi ma ya wuce ta gabansa, bai ga ko ɗaya ba. Idonsa yana kan taswirar da ke saman ƙofa, yana bin sunayen tashoshi da leɓe.

Ya same su a benci suna hira kamar sun shekara da sanin juna, har Hajiya tana gaya wa Maimunat yadda ake yi wa miyar kuka ta yi kauri ba ta yi gudaji ba. Ya tsaya a gabansu yana haki. Ya buɗe baki zai yi faɗa, don tun a jirgi ya shirya abin da zai ce, amma ganinta lafiya ya sa ya fasa. Maimunat ta gaishe shi da ladabi, ta ce ita ta makara aiki. Ya sa hannu a aljihu, ta ja da baya ta ce, "A'a Baba, wallahi a'a. Ku dai sa ni a addu'a." Suka yi musayar sallama da Hajiya har da runguma, ta tafi da sauri.

Alhaji ya zauna a inda ta tashi. Hajiya Barira ta cire tabarau ta juyo ta dube shi sosai. Tun da aka buɗe mata ido take kallon komai, labule, titi, fuskar Khairi, amma shi ba ta tsaya ta kalle shi ba, don a ganinta ta riga ta san shi. Fuskar da take riƙe da ita a ka ta shekarun baya ce. Wannan da ke gabanta gemunsa ya yi fari fat, kumatu sun faɗa, hular ta karkace, idanunsa sun yi ja.

"Alhaji, yaushe ka tsufa haka?"

"Yau," in ji shi. "Tsakanin azahar da la'asar."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. Ta miƙa hannu ta gyara masa hular, abin da ba ta taɓa yi a bainar jama'a ba. Ya bar ta ta gyara.

"Na ga dogon ginin," ta ce a hankali. "Ya fi yadda kake faɗa."

"Ni ban gan shi ba."

"To mu koma in nuna maka."

Suka yi la'asar a masallacin kasuwar da ke jikin tashar, suka sha shayi mai madara, sannan suka hau jirgin komawa. Wannan karon ba ta nufi ɓangaren mata ba. Wani saurayi ya tashi ya ba ta kujera, na kusa da shi ya ga furfurar Alhaji shi ma ya tashi. Suka zauna kafaɗa da kafaɗa, Alhaji ya damƙe gefen mayafinta a hannu bai saki ba. Ita ce take nuna masa abubuwa: ga wancan mai kama da jirgin ruwa can nesa, ga teku tana ƙyalli tsakanin gidaje, ga dogon nan yana tahowa, duba ta nan, a'a ta nan. Yana cewa ikon Allah, ikon Allah.

A hanya suka yi shawara ba za su gaya wa yara ba. Shawarar ba ta kai ko'ina ba, don suna shiga gida Khairunnisa ta dubi rigar mahaifinta da ta yi shatin gumi ta ce, "Baba, me ya faru?" Hajiya Barira kuwa ta zauna ta kwashe labari tas, har da kwaikwayon yadda ya tsaya yana haki. Khairunnisa ta dafe ƙirji, ta yi faɗa, ta yi dariya, ta sake yin faɗa. Muhsin kuwa ya fita, ya dawo da sabon layi ya sa a wayar surukarsa, ya rubuta lambar kowa a ciki. Hajiya ta ce a ƙara da ta Maimunat.

Ranar Asabar Muhsin ya ari motar abokinsa ya ce zai kai su Hatta su ga duwatsu da madatsar ruwa. Ya buɗe wa Alhaji ƙofar gaba kamar yadda ya saba. Alhaji ya ce a'a, Khairi ta zauna kusa da mijinta, shi baya zai shiga. Suka kama hanya, gari ya ƙare, yashi ya fara, can kuma duwatsu suka taso baƙi-baƙi. Hajiya Barira ta ga wasu awaki a gindin wani dutse ta ce a tsaya ta gan su da kyau, Muhsin ya gangara gefen titi ya tsaya.